Pil ɗin da Baba ke shanyawa

Grenoble, 9 ga Maris 1996

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da mutanen Afala? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya farfasa mini hannu, ya kuma yi sauƙi.

Albishirinka! Ƴar na'urar lissafin da muke gwadawa ta tashi. Tana lanƙwasuwa kamar jemammiyar fata, wuta kaɗan take ci. Malamina ya tambaye ni inda na koyi tattalin wuta haka. Na ce wurin tsohon da ke shanya pil ɗin radiyonsa, wato batir, a rana don kada labarai su wuce shi. Ya yi ta dariya.

Cikin pil ɗin da ka ce sun mutu, ka ajiye mini guda. In na dawo, da shi zan kunna maka na'urar.

Allah ya ja kwana.

Ɗiyarka,
Zalika