Wanda Zai Shiga Taɓo

Zuwa ga Kinue, uwargidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyi? Ina fatan tarin nan ya sake ki. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa.

Na sauka garin Niigata ranar Talata. Shekara arba'in ina noma wa masu giyar sake shinkafa, amma sai yanzu na ga yadda suke turara ta, su baza, su barbaɗa mata ƙwayar koji, mai sa ta tsima, a ɗaki mai ɗumi kamar na mai jego. Ki ji abin kunya: natto na ci da safe, waken nan mai yauƙi kamar daddawa, ashe ƙwayarsa tana lalata koji, aka tare ni a ƙofa. Tsoho Kuroiwa, shugaban aikin, ya ce, "Haba Tokuji, da furfurarka za ka kashe mana koji? Je ka, sai gobe!"

Washegari na faɗa musu na ajiye noma daga bana, tunda ba mai gadon fadamar. Suka rusuna, suka yi godiya. Saura gidan giyar da ke garin Akita, shi ne nake jin nauyinsa.

Ki gaida maƙwabta.

Mijinki,
Tokuji

Kinue,

Gaisuwa irin ta kullum. Kina cin abinci kuwa?

Kin tuna Hatsue, wadda ta gaji gidan giyar sake na mahaifinta a Akita? Na same ta cikin tururi. Ta murza shinkafa a tafin hannu, ta ce, "Baba, taka ce. Ko ido rufe na san ta." Da ƙyar na faɗi abin da ya kawo ni.

Sai ta ƙwala wa mijinta Noboru kira. "Ka ga ƙaton nan? Daga an gama aikin giya na hunturu sai kamun kifi. Tafi da shi. Shi ya shiga taɓo, kai ka zauna a gefe kana faɗa."

Noboru ya sosa ƙeya. "Baba, ni fa ban san shinkafa da ciyawa ba."

Na ce, "Haka na je wa surukina."

Kinue, sai da na yi ƙwalla, na ce tururi ne. Na amsa musu ban shawarce ki ba, ki yafe ni.

Zai zo a watan Afrilu. Ki nemo doguwar katifa, tamu a ƙwaurinsa za ta tsaya.

Naki har kullum,
Tokuji