Ramin da Kuka Bari a Gonata

Zuwa ga Shugaban masu binciken tace ruwa da suka yi aiki a rafin ƙauyenmu, kusa da Jiwa, ƙasar Abuja.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ni ne Tanko Gambo, manomin doya, wanda kuka kafa injinku a gefen gonarsa. Na aika maka ta bakin direbanku, na sake aikawa ta wurin dagaci, shiru kamar an shuka dusa. Shi ya sa na kawo maganar jarida.

Na ɗaya. Bara da rani kuka zo da babbar mota da tankuna. Kuka ce kun ji majema na zubar da ruwan jima a rafinmu, kuna so ku gwada wani tantani mai kama da na ƙwai, wanda ruwa ke ratsawa ya bar gishiri da guba a baya. Na ba ku fili ba tare da na nemi komai ba, domin na san yadda wannan ruwa ke ɓata wa 'ya'yanmu ciki. Ranar da ruwa ya fito garau, matata Ladi har guɗa ta yi.

Na biyu. Ba ku taɓa faɗa mana inda dagwalon dattin da tantanin ya tare zai tafi ba. Ma'aikatanku suka haƙa rami a bakin kunyoyina suna juye shi ciki, baƙi ƙirin, warinsa har cikin gida. Da na yi magana, mataimakinka ya ce ƙasa za ta shanye, kuma za a binne kafin ku tashi. Kuka tashi daf da damina da injinku da kwalaben ruwanku, kuka bar ramin a buɗe.

Na uku. Ruwan sama ya sauka, rami ya tumbatsa ya malale cikin gona. Doyar da na binne ta ruɓe a ƙasa, ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Bana na sake gwadawa, ko ciyawa ba ta yarda ta fito a wurin ba. Wannan gona a hannun mahaifina na gaje ta. Yau ni da na saba kai doya kasuwa, ƙwadago nake yi a gonar ƙanina.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Shanun Ardo Buba, maƙwabcina, sun sha daga kwatar da ta malalo, biyu suka mutu, har da saniyar da iyalinsa ke tatsa. Mahaifinsa da nawa tare suka tsufa. Duk kaka shanunsa ke kwana a gonata su bar mini taki, matarsa ta kawo nono ta karɓi doya. Yanzu ya yi imani ni na zuba musu guba don na kore shi. Na rantse masa a gaban dagaci, ya dube ni ya kau da kai. Ya kwashe rugarsa ya koma wajen Bwari, ko sallama bai yi mini ba.

Kwanan baya wani malamin makaranta ya shaida mini cewa an yaba muku, wai gwajinku ya yi nasara. Ban musa ba, da bakina na sha ruwan. Amma ku kun tafi da mai kyan a kwalba, mu kun bar mu da abin da kuka tace, ga rafin kuma yana nan yadda kuka same shi.

Ga roƙona. Ku zo ku kwashe dattin nan ku binne ramin kafin wata damina, domin yara na wasa a wurin. Ku dubo ƙasar, ku faɗa mini gaskiya ko za ta sake yin amfani. Duk ƙauyen da za ku je gaba, ku faɗa musu inda dattin zai zauna kafin su ba ku fili. Sannan kai da kanka, ranka ya daɗe, ka bi ni Bwari ka gaya wa Ardo abin da ya kashe masa shanu. Gona in ta mutu na haƙura, amma ba na so in shiga kabari mutumin nan yana ɗaukata maci amana.

Allah ya ƙara maka basira, ya kiyaye zuriyarka daga shan abin da muka sha.

Wassalam.
Tanko Gambo.