Velox Ɗin Ba Ta Baba Ba Ce

Winton, 9 ga Maris, 1999

Zuwa ga ƙanena Lachlan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a can Perth, Allah Ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙalau muke. An gama askin tumaki, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi, sai dai ranta a ɓace yake, kuma kai ne sanadi.

Na ga tarihin motarmu da ka aiko wa gidan tarihin garin nan inda za a ajiye ta, na karanta ina tsaki. Ka ce Vauxhall Velox ce ta 1952, silinda shida, giya uku a jikin sitiyari, duk daidai ne. To wa ya ce maka ta Baba ce? Na san abin da ya ruɗe ka: ka ga sunan Baba, Angus Tulloch, a takardar rajista, ba ka duba abin da ke gaban sunan ba. Haba Lachlan! Ka manta a wancan zamanin da sunan miji ake rubuta matar aure? Uwargidan Angus Tulloch aka rubuta, wato Mama. Baba, Allah Ya jiƙansa, sau ɗaya ya gwada tuƙi, ya kwashe ƙofar garke, daga nan ya koma kujerar gefe har shekara talatin.

Mama ce ta ɗauko motar daga Invercargill shekarar da gashin tumaki ya yi daraja. Ita ke kai matan gonaki asibiti haihuwa a kan hanyar tsakuwa, ita ke jibga 'yan tumaki marayu a kujerar baya, kai kana tsakiyarsu kana ihu. Da na karanta mata rubutunka, cewa ta yi wai yaron da ta sha goge wa majina a motar nan shi ne yau zai ƙwace mata ita da biro. Ta zare makullin ta jefa aljihu, ta ce motar ba inda za ta.

Ranar Juma'a mutanen gidan tarihin za su buga allon da za a kafa gaban motar, kuma sun ce sai wanda ya rubuta ne zai gyara. Don Allah ka yi musu waya gobe. Kada ka ce uwargidan kowa, sunan Mama za ka ce, Noeline Tulloch. Na tambaye ta ko hakan ya yi mata. Ta ce tana so ta ga sunan nan a rubuce da idonta kafin a sassaƙa shi a dutsen kabari.

Ka gaishe min da Bronwyn da su Hamish da Isla. Maigidana Fergus yana gaishe ka.

Yayarka,
Glenys