Hular da Ta Naɗa Ni Shugaba

Anti Bashira, ki taimaka mini, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Mai rubuto miki shi ne Shugaban Magoya Bayan Besbol na Afirka ta Yamma, reshen Kuala Lumpur, kuma ranar Asabar zan yi jawabi a unguwar Sri Petaling.

Ga asalin sarautar. Wata shida da suka wuce na sayi hula a kasuwar Danau Kota don kawai akwai harafin K a goshinta, farkon sunana. Ina shan shayi a mamak, wato gidan shayin nan garin, sai wani dattijo, Ankul Tan, ya riƙe hannuna kamar ya tsinci ɗansa. Ashe hular ta wata ƙungiyar wasan ƙwallon besbol ce ta Amurka da yake so tun yana ɗalibi a can. Ya tambaya ko ina binsu. Ni kuma bakina ba ya azumi, na ce ai ni ne shugaban magoya bayansu a Afirka ta Yamma, mu dubu uku.

Tun ranar, duk safiyar da suke wasa yana ajiye mini kujera da gurasar roti, mu kalla a wayarsa. Kamar da gayya suka yi ta cin wasa har suka zo na ɗaya a rukuninsu, yanzu sun tsallake zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale. Ya ce hulata ce ke kawo musu sa'a, kar in wanke ta. Anti, hular nan har ƙuda ya san ta.

Ni kuwa ban gane komai ba. Da ya ce ɗan wasansu ya yi sata arba'in a bana, na ja a'uzubillahi, ashe yabo ne. Mutum ya doki ƙwallo ya yar da sanda ya gudu, wai gida za shi, ya dawo inda ya taso a yi ta murna. Fuskar Ankul nake kallo, in ya yi tafi in yi.

Yanzu ya tara abokansa goma sha biyu su ji daga bakina ranar Asabar ɗin yadda ake son ƙungiyar a Afirka. Matarsa ta rasu, ɗansa na Amurka, ya ce ni kaɗai yake kallo da shi. In na faɗi gaskiya ina tsoron ya ɗauka wata shida ina yi masa dariya. Da farko haka ne, yanzu kuwa wallahi ina son tsohon nan.

Af, batun shugabanci. Sunana Kalilu, aski nake yi a shagon wani a Sentul. Allo na yi, boko a waya na koya. Mutum dubu ukun nan, ni ne da hulata.

Ranka ya daɗe Shugaba Kalilu,

Na yi dariya, amma ƙarya ce ka yi, kuma rotin mutum ka ci a kanta. Sai dai abin da ya zaunar da kai wata shida gaban wasan da ba ka ganewa ya wuce tsokana.

Ina kyautata zaton dattijon ya daɗe da ganewa. Wanda yake kallon wasa tun yana ɗalibi ba zai kasa lura da mai tafi bayan kowa ya gama ba. Abokin zama yake so, ya kuma samu.

Kar ka jira Asabar. Je ka same shi gobe, ku biyu, wannan karon kai za ka sayi shayin. Faɗa masa yadda ka faɗa mini, ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi ya koya maka wasan daga baƙi da wasali. In ya yi fushi ka ba shi kwana biyu, haƙƙinsa ne. In ya yarda, labarin hular shi ne jawabinka.

Ka kuma gaya masa hula ba ta cin wasa, kai da ka yi allo ka fi ni sani. Ka wanke ta yau.

Allah ya bar zumunci, ya ba ɓarayinku sa'a a zagaye na gaba.

Anti Bashira