Matar da Ke Tare Hanya Saboda Jirgin da Babu

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da yara kuna lafiya kamar yadda muke a nan.

Na ji labarin takardar da hukumar jirgin ƙasa ta aiko miki, wai za a farfaɗo da jirgin fasinja tsakanin garinku da namu, don haka gidan mai tsaron ƙofar layi zai koma hannun wanda za a ɗauka aikin. To ai dama abin aro ba ya ado. Saboda aikin aka ba marigayi mijinki gidan, da jirgin ya daina tafiya shi kuma Allah ya karɓi abinsa, mantawa kawai aka yi da ku a ciki.

Kada ki tsaya sai an watso miki tukwane waje. Ki haɗa kayanki, ranar da na biyo da bas in kwashe ku. Gidana ba fada ba ne, amma inda na kwana za ku kwana. Shi kuwa jirgin, tun ina karen mota nake jin zai dawo, ga ni yau da furfura.

Ki shafa min kan yara.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Saƙonka ya iso, Allah ya bar zumunci, ya kare ka a hanya.

Yaya, ka yi haƙuri, ba zan taho ba. A gidan nan na haifi yaran nan duka, makarantarsu ga ta nan a tsallaken titi. Tunda gidan na mai aikin ne, na je ofis na ce ni ma ina neman aikin. Akawun ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ba su taɓa ɗaukar mace ba, na ce ni ma ban taɓa nema ba, sai mu fara tare.

Kuma wannan karon da gaske suke, an canza katakon layin har bayan gidanmu. Abin da ke ba ni tsoro mutanen unguwa ne. Mata a kan ƙarfen suke shanya, akuyoyi a jikinsa ake ɗaure su, masu babur kuwa ko waiwaye ba sa yi in za su tsallaka. Yaran da ke wasa a wurin ba su taɓa ganin jirgi da idonsu ba.

Shi ya sa na zuba wa tsohuwar ƙofar mai, na ɗinke jar tutar baban yara. Yanzu kullum safe da yamma, a lokacin da jirgi ya saba wucewa a da, sai in busa usur in rufe titin na ɗan lokaci, sannan in buɗe. Ina so ƙafarsu ta koyi tsayawa tun kafin ya zo.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka

*

Auta,

Ina gaishe ki, amma raina a ɓace yake.

Jiya a tasha direbobi suka sa ni tsakiya. Wani ya ce akwai wata mahaukaciya a mashigar garinku da ke tare hanya saboda jirgin aljanu, yana kwaikwayon yadda kike ɗaga tuta, ana ta shewa. Ni ma na yi dariya, sai da ya kwatanta gidan na gane ke ce. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Wa ya aike ki? Ba a ɗauke ki ba, ba a ce ki yi ba, kin tsaya rana tana dukanki, 'yan babur suna zaginki ta uwa ta uba, kuma uwar nan tawa ce ni ma. An ce har wani ya ture ki kin gurje hannu, ba ki faɗa min ba. Tun kina ƙarama haka kike, in kin kafe ko jaki ya san ya bar miki. Idan suka ba wani aikin fa? Kin yi asarar gida, kin yi asarar mutunci.

Ina nan zuwa, kuma ba shawara nake nema ba.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, hannun ya warke, kada ka damu. Na so in amsa da wuri, abin da ya faru ne ya sha kaina.

Shekaranjiya aka sako jirgin gwaji, babu fasinja, babu kuma wanda ya sanar da ni, tunda ni ba ma'aikaciya ba ce. Ni kuma da wautata na riƙe tsofaffin lokutan jirgin, na ɗauka ko ya zo a kansu zai zo. Da hantsi ina can wajen injin niƙa na ji ƙahonsa. Yaya, lokacin ne kuwa ake sakin 'yan makaranta hutun tara, suna tsallakawa sayen abinci. Na yar da kwano na zuba da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ko da na iso ƙofar a rufe take. Shugaban masu babur ɗin, wanda ya ture ni, shi ya jawo ta, yana riƙe da ita yana masifa. Mata sun janye yara gefe, wata har ta kwance akuyar da ba tata ba. Jirgin ya wuce, ƙasa tana rawa, ni kuwa na zauna a dandaryar titi ina kuka. Mutumin ya dube ni ya ce, "Ke kika lalata mu. Ina jin ƙarar nan na ga babu ke, sai na ji kamar na fito ba wando."

Daga baya sufeton layin ya zo. Bai yabe ni ba. Ya ce mai ƙofa ba ya dogara da lokacin da ya haddace, sai abin da tashar jirgi ta faɗa masa, kuma gaskiya ya faɗa, na karɓi laifina. Ya ba ni rediyon hannu, ya nuna min yadda ake amsawa. Ranar Asabar jirgin fasinja na farko zai taso daga garinku. Ya ce zai tsaya a gefena ya gani, in na rufe na buɗe yadda ya kamata, aikin da gidan nawa ne, in na kuskure akwai mutum biyu da ke jira.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba, amma ba zan haɗa kaya ba. Na san jirgin nan zai rage maka fasinja, hakan ma yana damuna. Addu'arka kawai nake roƙo.

Ƙanwarka

*

Auta,

Ina gaishe ki da yara. Na karanta, har sau biyu.

Fasinja Allah ke kawo su, wannan ba damuwarki ba ce. Asabar ɗin na ba wani bas ɗina ya ja. Na sayi tikiti, tarago na biyu, gefen taga ta ɓangaren gidanki. Direbobin tasha sun ce na ci amanar sana'a, na ce zan je ganin mahaukaciyata ne.

Kada ki ɗago min hannu, ki kula da aikinki. Ki rufe ƙofar nan da kyau, ina ciki.

Yayanki