Ƙashin da Ba a Danna Ba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki, ya su Auta? Ni lafiya lau, kar ki damu.

Aikinmu mu danna ƙashin mamaci da na'ura, mu ɗauki hoton cikinsa, mu auna yadda ya lanƙwasa. Don gwada ingancin awon, mukan ɗauki hoto sau biyu ba tare da dannawa ba. Kwanaki na yi haka da ƙashin ƙugun wata tsohuwa, sai awo ya nuna kamar tana ɗauke da kaya. Malamina ya ce kuskuren na'ura ne, kuma na yarda. Amma tun ranar, sai na yi sallama nake buɗe firjin da muke ajiye ƙasusuwan.

An ce tsohuwar sa'arki ce, Allah ya jiƙanta. Don Allah, Inna, ki bar wa Auta ɗiban ruwa.

Ɗanki.