Sajan Armiya'u da Asibitin Surukinsa

Ƙaura Namoda, ranar Litinin

Zuwa ga Hajiya Barakatu, Zurmi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali.

An kira ƙanenki Sajan Armiya'u Kaduna farkon watan gobe. Kwamitin likitocin soja zai sake duba matakin nakasarsa. Takardar ta biyo ta hannuna ne saboda ni ne magatakardan ƙungiyar tsofaffin sojoji ta yankinmu. Da na kira ki, to kin san an ɗauke layin waya, shi ya sa na ba direban Zurmi wannan.

A kan wannan mataki ake biyansa haƙƙin raunin da ya samu a Barno, kuma da shi yake riƙe gida tun da ƙafar ta raba shi da gona. In aka rage matakin, an rage abincin gidan.

Kiran kansa ba abin tsoro ba ne, ana yin sa lokaci zuwa lokaci. Sai dai an ce ya taho da rahoton duk asibitin da ya je tun bayan dubawa ta ƙarshe. Ashe da damina, da ƙugun ya matsa masa, ya zo nan Ƙaura asibitin kuɗi bai gaya wa kowa ba. Asibitin Dakta Hafiz, mijin ɗiyarsa Saliha. Yanzu da ya ga ba makawa, ya aiko in karɓo masa rahoton, wai in duba ko ya yi kyau.

Ya yi kyau ƙwarai. An rubuta cewa mara lafiya ya shigo da ƙafarsa, ba sanda, ba ɗingishi, ya ce ba inda ke masa ciwo.

Hajiya, ni na saɓo mutumin nan a kafaɗa ranar da bam ɗin ya tashi. Har gobe akwai ɓurɓushin ƙarfe a ƙugunsa. Na tambayi mai shayin da ke ƙofar asibitin, ya ce ya tuna wani dattijo dogo da ya ba shi ajiyar sanda.

Abu biyu zan faɗa. Zuwa asibitin kuɗi ba laifi ba ne, ban ga inda aka hana ba, abin da aka rubuta shi ne abin dubawa. Na biyu, ba zan ɓoye rahoton ba, na kuma aika masa da haka. Ke kaɗai yake jin maganarki. A gai da mutanen gida.

Naki,
Kofur Ladan mai ritaya

*

Zurmi, ranar Laraba

Armiya'u,

Ina gaishe ka, ina gai da Lauratu da yara. Yaya ƙafa? Kada ka ce min da sauƙi, ni ba surukinka ba ce.

Wasiƙar Ladan ta same ni. Na sa an karanta min, na ce a sake, don na ɗauka wani Armiya'un ake nufi. Mutumin da bikin sallar bara sai da aka kama shi ya tashi daga tabarma, shi ne ya shiga asibiti ba ɗingishi? To alhamdu lillahi, ashe ka warke. Sai ka zo ka nome min gonar Dauran, ciyawa ta cinye ta.

Tun kana yaro haka kake. Kunama ta harbe ka gidan kakanni, ka zauna kana zufa, ka ce zafin kunu ne. Wancan karon kanka kaɗai ka cuta. Yanzu akwai Lauratu, akwai yara uku a makaranta, duk ƙugun nan ke ciyar da su.

Wa ya aike ka asibitin mijin ɗiyarka, duk asibitocin Ƙaura? Kuma da ka je, me ka je yi in ba a duba ka ba? Ka rubuto min gaskiya. Ka ba Sanusi direba amsar, ranar Juma'a zai juyo. Na haɗo maka da daddawa, ka ba Lauratu, kada ka ce taka ce.

Allah ya ba ka lafiya, ya kuma ba ka hankali daidai da shekarunka.

Yayarka,
Barakatu

*

Shinkafi, ranar Juma'a

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Daddawa ta iso, an gode. Ƙafa da sauƙi.

Kin yanke hukunci ba ki ji ta bakin soja ba. Ba ni na kai kaina ba. Ɗiyarki ce ta matsa, ta ce hanyar Kaduna ta yi nisa kuma ba a bin ta yadda aka ga dama, ga asibiti a gida. Ta rantse min ba mai gidanta zai duba ni ba, akwai wani likitan. Ban gaya wa kowa ba saboda a majalisarmu ana cewa duk tsohon sojan da ya taka asibitin kuɗi, gwamnati ta zare hannunta daga kansa. Ladan ya ce zancen shayi ne. Da ya faɗa da wuri.

Ina sauka daga babur sai na hango yaron nan ya fito da kansa har bakin ƙofa tarya ta. Yaya, ki faɗa min, ya zan yi? Mutumin da ya durƙusa a zaurena ya nemi aure, shi zan tara ina jan ƙafa? Shi zan kwanta wa a gado in ɗage riga in sassauta wando? Ko Baba da yana raye sai ya mare ni. Na miƙa wa mai shayi sandar, na miƙe, na yi tafiyar da ban yi irinta ba tun faretin ƙarshe. Zufa har cikin takalmi.

Da muka shiga ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ina ne ke ciwo?"

Na ce, "Wa ya ce maka ina ciwo? Wucewa nake, na ce in leƙo in ga wurin aiki."

Ya ce, "Ko a ɗan duba ƙugun?"

Na ce, "Ƙugun wa?"

Shi yana kallon ƙasa, ni ina kallon kalanda. Daga ƙarshe ya rubuta min maganin ƙarin jini. Na fito da faretina har na sha kwana, can mutum biyu suka ɗora ni a kan babur.

Yanzu abin mai sauƙi ne. Ladan ya tura takardar nan ƙarƙashin katifa, ko ke ki sa yaron ya rubuta wata. Ladan kofur ne fa, amma tun da muka aje kaki ya daina jin umarni.

Allah ya ƙara girma. A gai da maƙwabta.

Ƙanenki,
Sajan Armiya'u

*

Zurmi, ranar Talata

Malam Ladan,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya fama da abokinka? Allah ya saka da alheri.

Na aika Hafiz ya zo, ya kuwa zo jiya tare da Saliha. Ba zan ɓoye maka ba, na roƙe shi ya sake takardar. Ya ƙi, cikin ladabi. Ya ce, "Goggo, abin da na gani na rubuta. In na rubuta abin da ban duba ba, gobe ba mai yarda da takardata, har wadda za ta taimaki Baba." Na ce to kai ba ka san yana ɗingishi ba? Ya ce ya sani sarai. Wai ta taga ya hango ana ɗora shi a kan babur, ya koma ya zauna kamar bai gani ba. Ka ji su. Wannan yana kunyar wancan, wancan yana kunyar wannan, ƙugu yana tsakiya yana ciwo.

Abin da ya yarda zai yi shi ne ya ƙara bayani a ƙasan rahoton: cewa shi surukin mara lafiya ne, kuma ranar bai duba jikinsa ba sam. Wannan gaskiya ce, ya ce zai sa hannu.

Sai na tambaye shi ɗayan likitan da aka yi wa Armiya'u alkawari. Ya ce Dakta Wasi'u, Bayarabe, haifaffen Ƙaura, aikin jirgin ƙasa ya kawo kakansa. Na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Ka manta mu Gobirawa ne? Tsakanin Bagobiri da Bayarabe ba kunya, wasa ne tun kakanni, kowa ya ga ɗan'uwansa sai tsiya. Armiya'u zai iya ɓoye ciwo a gaban suruki, a gaban janar ma zai iya. A gaban Bayarabe bakinsa ba zai rufu ba.

Ga aikinka. Ka sa ya zo ranar Asabar. Hafiz zai tafi Gusau tun safe, ya ce yana da uzuri, in ma babu zai nemo. Ka biya wajen mai shayin nan ka gaya masa in ya sake karɓar ajiyar sanda, da ni zai yi.

Na gode ƙwarai. A gai da mai ɗakinka Maimunatu.

Barakatu

*

Shinkafi, ranar Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ƙafa tana ciwo. Ga shi na rubuta da hannuna, sai ki sa a ajiye.

Kin haɗa ni da masifa. Na je jiya. Mai shayi yana hango ni ya juya baya yana fifita wuta, na yi sallama ya ƙi ji. Dole na shiga da sandata, Ladan yana bina a baya kamar mai raka fursuna.

Ɗan ƙaramin likita ne, da tabarau. Yana ɗago kai ya ga zanen fuskata, ya aje biro ya ce, "Ikon Allah, yau bawana ne da kansa? Wa ya yakushe ka haka, kyanwa?"

Na ce, "Yaro, kakanka a taragon kaya ya zo garin nan, shi da buhunan barkono. An sauke barkonon, shi aka rasa mai karɓa."

Ya ce, "Hau gado. Na san ku, baki ne kawai, kuna ganin allura sai kuka."

Na ce ni? Ban san lokacin da na hau ba, don in ƙaryata shi. Ya sa yatsa ya danna wurin. Yaya, na yi ƙarar da ban yi ba ranar da abin ya same ni. Ya ce, "Madalla, Gobir ta yi magana," ya rubuta. Ya sa na ɗaga ƙafa, ya auna inda ta tsaya. Ya sa na taka zuwa bango ba sanda, ban kai ba. Aka ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaga shi a haske ya nuna min ƙarfen, ya ce in na gama da shi in ba shi, yana da aboki ɗan gwangwan mai sayen tsohon ƙarfe.

Muna cikin haka ya tambaye ni yadda nake salla. Ban yi niyyar faɗa ba. Na ce masa farilla nake lallaɓawa a tsaye saboda idon mutane, a ƙarshen sahu kusa da bango, sauran duk a zaune nake yi a ɗaki. Ko Lauratu sai na tura ƙofa. Nan bai yi tsiya ba. Ya rubuta, ya ce, "Baba, wannan shi ne abin da za ka gaya musu a Kaduna. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Da zan fita ya ce a gai da sauran bayinsa na Shinkafi. Zan koma wata mai zuwa, ba don magani ba, akwai amsar da ban ba shi ba.

Ladan ya haɗa rahoton biyu wuri ɗaya, ya ce duka za a kai. Na ce na farkon zai kunyata ni. Ya ce ai don kunya aka yi shi.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Armiya'u

*

Ƙaura Namoda, ranar Alhamis

Hajiya Barakatu,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya. Mun dawo daga Kaduna jiya lafiya.

Ya shiga gaban kwamitin da sandarsa. Shugaban, wani kanar likita, ya karanta rahoton biyu, ya tambaye shi wanne ne nasa. Ya ce duka: na farko ranar da ya je gidan suruki, na biyu ranar da ya je asibiti. Kanar ɗin ɗan Arewa ne, ya cire tabarau ya yi wa sauran bayani. Sun duba ƙugun da kansu, sun kuma riƙe hoton.

A tashar Ƙaura Dakta Hafiz ya zo tarya da mota. Sajan yana hango shi ya miƙo min sandar ta baya. Na zuba hannuwana a aljihu. Ya tsaya jim, sannan ya dogara ta ya nufi motar yana ɗingishinsa. Likita ya durƙusa, idonsa a kan takalminsa, bai ɗago ba sai da ya ji an rufe ƙofa.

A gai da iyali. Allah ya bar zumunci.

Naki,
Ladan

Ƙarin bayani: magatakardan kwamitin ya faɗa min da baki cewa an bar matakin yadda yake. Takarda ba ta iso ba tukuna.